Babi na Biyar: Rokar Kwali, Gorar Ruwa da Tarbiyyar Awo

Duk wanda ya buɗe kwalin ƙaramar roka irin wadda ake sayar wa 'yan makaranta a Amurka zai iya jin kamar an cuce shi. Ɗauki wadda kamfanin Estes ke kira Alpha, wadda ta haura shekara hamsin a kasuwa. Abin da ke ciki bututun kwali ne mai faɗin santimita biyu da rabi, da hanci mai tsini mara nauyi, da fukafukai uku na wani katako mai taushi da ake kira balsa, da 'yar laimar leda da zarenta, da igiyar roba, da wani guntun bututu kamar na zuƙar lemo, sai takardar bayani. In an harhaɗa su, tsawon rokar santimita 31 ne, da kaɗan ta ɗara rular ɗan firamare, nauyinta kuma bai kai na ƙwan kaza ba. Injin da zai ɗaga ta ma daban ake sayensa, a rufe, yadda ya fito daga masana'anta. Yaron Ƙofar Guga ko na Rafindadi da ya iya ƙera motar langalanga mai sitiyari da ƙafafu masu juyawa ya riga ya yi aikin hannun da ya fi wannan wuya. To me ake saye ke nan? Tsari ake saye. Tsarin ya raba aiki gida biyu, ga abin da yaro zai ƙera da hannunsa, ga abin da ba zai taɓa ba ko da wasa, sannan ya gindaya masa sharaɗi: ya faɗi abin da yake sa ran zai faru kafin ya harba, ya auna abin da ya faru, ya rubuta. Makarantun Katsina suna bukatar wannan tsari, kuma za su iya ɗaukarsa ko da kwali ɗaya bai shigo ƙasar nan ba.

Haɗari ne ya haifi tsarin. A shekarun 1950 samarin Amurka da labarin manyan rokoki ya ɗauke wa hankali sun riƙa dama sinadarai a bayan gidajensu suna ɗura wa bututun ƙarfe, kuma da Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957 sai abin ya ƙara ta'azzara. Bututun ƙarfen da aka cika da gari mai cin wuta bam ne, ko da mai shi ya kira shi roka. Yatsu sun guntule, idanu sun tsiyaye, wasu sun rasa rayukansu. Wani mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ke da lasisin harkar wasan wuta, tun 1954 ya ƙera ƙaramin inji mai jikin takarda da ake harbawa sau ɗaya a yar. A farkon 1957 ya aika samfurinsa ga G. Harry Stine, jami'in kiyaye haɗurra a sansanin gwajin makamai masu linzami na White Sands. Stine ya gane abin da ya shigo hannunsa: hanyar da yara za su yi roka ba tare da sun taɓa sinadari ba. A shekarar ya kafa ƙungiyar da aka sani yau da NAR, ya rubuta mata ƙa'idojin kariya daga abin da ya koya a White Sands. Vernon Estes, wanda ya kafa kamfaninsa a Denver a 1958, ya ƙera na'urar da ke fitar da inji ɗaya duk sakan biyar da rabi, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Abin lura a nan shi ne manyan ba su tsaya ga hani ba, don hani bai taɓa kashe sha'awar yaro ba, sai dai ya kora ta bayan katanga. Sun cire ɓangaren da ke kisa sun mayar da shi masana'anta, suka bar wa yaro sauran. Ƙungiyar tana cewa daga lokacin zuwa yau an harba irin waɗannan rokoki fiye da sau miliyan 500.

Injin kansa ya cancanci a dube shi da kyau. Nannaɗaɗɗiyar takarda ce mai kauri, tsawonta santimita 7, faɗinta milimita 18, an toshe gindinta da yumɓu an bar ƙaramar kafa. A ciki akwai hawa uku. Na farko albarushi ne da aka danne ya yi tauri, wanda ke ƙonewa cikin ƙasa da sakan biyu, hayaƙinsa ya fita ta kafar nan da ƙarfi, rokar ta yi sama. Na biyu gari ne mai cin wuta a hankali, ba ya tura komai, hayaƙi kawai yake bari don a ga inda rokar ta nufa yayin da take ci gaba da hawa da ragowar gudunta. Na uku ɗan caji ne da ke fashewa ta ciki, ya ture hanci, laima ta fito ta buɗe. A jikin kowane inji an buga lamba, misali C6-5. Harafin yana nuna jimillar ƙarfin turawa, kuma kowane harafi ninkin na bayansa ne: B ninkin A, C ninkin B. Lamba 6 matsakaicin ƙarfin turawar ce a ma'aunin niyuton, kusan ƙarfin da hannu ke sa wa ya riƙe giram 600. Lamba 5 kuwa sakan nawa za a jira kafin laima ta fito. Nan ne lissafi ke shigowa ba tare da an gayyace shi ba. In jinkirin ya yi gajarta, laima za ta buɗe rokar na tsaka da gudu, ta yage ko zare ya tsinke. In ya yi tsawo, sai rokar ta juyo ta kama hanyar ƙasa da ka kafin laima ta fito. Dole yaro ya auna nauyin rokarsa, ya ƙiyasta sakan nawa za ta yi kafin ta kai ƙololuwa, ya zaɓi inji. Alpha da injin C takan kai kusan mita 300, kuma wanda ya yi kuskuren zaɓi zai tsinci kuskurensa a ƙasa, gutsure-gutsure.

Darasi na biyu yana cikin fukafukan, kuma shi ne wanda ya fi kunyata masu gaggawa. Kowace roka tana da cibiyoyi biyu. Ɗaya cibiyar nauyi, wato inda za ka ɗora ta a kan yatsa, da inji a ciki, ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba. Ɗayar cibiyar matsin iska, wato inda turin iskar da ke bugun gefenta yake taruwa. Sharaɗin tashi a miƙe shi ne cibiyar nauyi ta kasance gaba, wajen hanci, ta matsin iska kuma baya, da tazarar da ba ta gaza faɗin jikin rokar ba. In haka ta samu, duk sanda iska ta karkatar da hanci sai fukafukai su mayar da shi hanya. In aka samu akasi, rokar za ta yi ta wuntsila-gudi-gudi a kan mutane. Maharbanmu sun san wannan tun kafin a ba shi suna: tsinin ƙarfe mai nauyi a gaba, kyauro mara nauyi a baya, shi ya sa kibiya ke isa da kanta ba da gindi ba. Wani injiniyan NASA, James Barrowman, ya fitar da lissafin gano cibiyar matsin iska a tsakiyar shekarun 1960, kuma har yau da shi manhajojin zanen ƙananan rokoki ke aiki, amma ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ma yana da hanyar gwaji. Ya ɗaura zare daidai cibiyar nauyi, ya riƙa wulwula rokar a saman kansa. In hanci ne ke gaba, to madalla. In ta riƙa tafiya a karkace ko da baya, ya ƙara ɗan nauyi a hanci ko ya faɗaɗa fukafukai, ya sake. Hatta yankan katakon yana da ƙa'ida: jijiyar balsa ta bi gefen gaba na fiffike, in ba haka ba ya karye a tashin farko. Fiffiken da aka manna a karkace kuwa zai sa rokar ta riƙa juyi tana asarar tsawo, kuma ba ruwan iska da cewa mai rokar ɗan wane ne.

Sai awo, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Kayan aikinsa ma'aunin kusurwa ne na cikin akwatin lissafi, da zare, da noti guda a ɗaure a bakin zaren. Ɗalibi ya tsaya mita 50 daga wurin harbi, ya bi rokar da gefen ma'aunin har ta kai ƙololuwa, ya danne zaren da yatsa ya karanta. In kusurwar digiri 45 ce, rokar ta kai mita 50. In 60 ce, ta kai kusan mita 87. Tanjant ɗin da ya haddace don jarrabawa, bai san amfaninsa ba, ga shi ya ba shi tsawon da babu tsanin da zai kai. Nan da nan kuma zai ga cewa na tsaye a gabas da na tsaye a yamma ba su samu lamba ɗaya ba, don iska ta ja rokar wajen ɗayansu, sai tambayar yadda za a daidaita lambobin biyu ta taso da kanta. Babbar gasar rokar 'yan makaranta ta Amurka, wadda aka fara a shekarar karatu ta 2002 zuwa 2003, a kan wannan aka gina ta. Ba a ba da kyauta ga wanda ya fi kowa nisa. Ana sanya tsawo takamaimai da adadin sakan, a ce roka ta ɗauki ɗanyen ƙwai ta kai wannan tsawo, ta sauko cikin wannan lokaci, ƙwan bai fashe ba. Wanda ya zarce ya yi asarar maki kamar wanda ya gaza.

Suka ta farko da za a yi wa wannan magana tana da ƙarfi, kuma daga masu kishi take fitowa. Za su ce harhaɗa kayan da wani ya yanka ya aiko ba ƙirƙira ba ce, koyon dogaro ne da na waje, alhali muna da samari masu ƙera jirgi daga bola. Gaskiya ne muna da su. A 2007 kafafen labaran duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu daga tarkacen mota da babur, aka ruwaito cewa yana ɗagawa ƙafa bakwai daga ƙasa. Ƙafa bakwai ba abin raini ba ce. Rokar farko mai amfani da ruwan mai, wadda Robert Goddard ya harba ranar 16 ga Maris 1926 a wata gona a Massachusetts, ƙafa 41 ta tashi, cikin sakan biyu da rabi. Abin da ya raba Goddard da samarinmu shi ne ya rubuta abin da ya faru, ya gano abin da zai gyara, ya samu masu ɗaukar nauyin gwaji na gaba. Mu kuwa yadda abin ya saba kasancewa shi ne a kai yaro da ƙirarsa gaban babban mutum, a ɗauki hoto, a yi alkawari, a watse; ba zane, ba lambobi, ba abin da wani yaron zai ɗora a kai. Hazaƙa ba ta yi mana ƙaranci ba, hanyar adana ta ce babu. Katsina kuwa ta san darajar rubutacciyar hanya. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, sunansa ya kai ga masana tarihin lissafi na duniya ne saboda a 1732 ya rubuta, mataki bayan mataki, yadda ake tsara hatimin lambobi mai gidaje mara, ta yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai bi ya samu amsa. Takardar bayanin da ke cikin kwalin roka irin wannan aikin take yi.

Ƙasashen da suka kai sama ma da ƙanana da na aro suka fara. A 1955 Hideo Itokawa na Jami'ar Tokyo ya fara shirin rokar Jafan da wata 'yar aba mai tsawon santimita 23, wadda ake kira rokar fensir. A kwance ya riƙa harba ta, tana ratsa jerin takardu masu siririyar waya, don a auna gudunta. Bayan shekara 15, a 1970, Jafan ta harba tauraronta na farko da rokarta. Rokar farko da Indiya ta harba daga Thumba ranar 21 ga Nuwamba 1963 ƙirar Amurka ce, harhaɗa ta kawai suka yi, ofishinsu kuma tsohuwar coci ce a ƙauyen masunta; cikin samarin da suka yi aikin akwai A.P.J. Abdul Kalam, wanda ya jagoranci ƙera rokar da ta kai tauraron Indiya falaki a 1980, daga baya ya zama shugaban ƙasa. Mu ma ta wannan hanya muka bi, sai dai daga sama muka fara. An kafa hukumar NASRDA a 1999, aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba na 2003, kuma NigeriaSat-X da aka harba a 2011 injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi a kamfanin Surrey na Ingila, ƙarƙashin kulawar masu shi. Hukumar tana da cibiyar binciken roka a Epe ta jihar Legas, amma duk taurarinmu da rokar wasu suka tashi. Abin da babu shi ne gindin: dubban yara da suka saba da awo tun suna ƙanana, waɗanda daga cikinsu ake tsintar goma. Arewa ta daɗe tana kallon wannan harka daga bakin ƙofa. Tashar NASA da ke Kano tana cikin waɗanda suka bi sawun kumbon John Glenn a watan Fabrairu na 1962, kuma a Oktoban shekarar wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami, a ƙasar Faskari. A ƙasarmu ya faɗo, amma a ɗakunan binciken wasu aka auna iskar da ke maƙale cikinsa aka tabbatar daga duniyar Mars yake.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma wanda ya yi mata riƙon sakainar kashi bai san Katsina ba. Wannan jiha ce da a daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, jihar da a 2021 gwamnati ta hana sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Uban da ya ji an ce ɗansa na koyon harba roka a makaranta yana da haƙƙin ya tambaya, haka ma jami'in tsaron da ya ga hayaƙi ya miƙe sama daga bayan katangar makaranta. Ga kuma doka. Injin ƙaramar roka yana cikin rukunin abubuwa masu fashewa a ƙa'idar sufurin duniya, ba a sa shi a jakar matafiyi ko a wasiƙa, kuma a nan gida dokar abubuwan fashewa ta 1964 da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro suna tsaye a kan hanyar shigo da irinsa. Hukuncin a fili yake: injin albarushi ba na makarantun Katsina ba ne a halin da ake ciki, sai dai a jami'a ko kwalejin fasaha, da izini a rubuce. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kada rashin injin ya sa wani malami mai zumuɗi ya ce za a haɗa na gida. Albarushin da ake ɗura wa bindigogin hawan Sallah, da kan ashana, da garin da ake farkewa daga nokawut, duk hanyoyi ne na komawa inda samarin Amurka suke kafin 1957. Wanda ya yi haka ya jefar da ainihin abin da kwalin ya zo da shi.

Mafita tana cikin kwandon shara na kowane mai shago. Gorar lemo mai gas, ta roba, an yi ta ne don ta jure matsi. A kifa ta baki ƙasa, a manna mata fukafukai uku ko huɗu da aka yanka daga kwali mai ƙarfi ko tsohuwar jarka, a yanko saman wata gorar a kifa mata a matsayin hanci, a sa ɗan yumɓu ko ƙullin yashi a ciki don cibiyar nauyi ta matsa gaba. A zuba ruwa, a toshe bakin da toshiyar roba wadda aka ratsa da bawul ɗin tsohon tiyub, a haɗa da famfon keke mai agogo ta doguwar tiyo. In iska ta taru aka saki, sai ta tunkuɗo ruwan ƙasa cikin ƙiftawar ido, gorar ta yi sama mita 30, 40, wani lokaci fiye. Matsin da ake bukata bai wuce 40 zuwa 60 a agogon mai faci ba, ɗan sama da na tayar mota. Akwai wata ƙaramar dabara da ke raba wasa da gwaji. Toshiyar da ke ficewa da kanta takan fice ne sanda ta ga dama, yau a 30, gobe a 45, don haka ba a iya kwatanta harbi da harbi. Ana bukatar maƙulli mai riƙe wuyan gorar, wanda ake saki da jan igiya daga nesa. Mai gyaran famfo da guntayen bututun roba zai haɗa shi a yini guda. Da shi ne za a iya riƙe matsi wuri ɗaya a canza ruwa kawai.

Wanda ya ce wannan wasan yara ne, a ba shi gora biyar. Ta farko ba ruwa, iska zalla: za ta yi ƙara ta tashi kaɗan. Ta ƙarshe cike: za ta yi tsalle ta zube, don ta yi nauyi kuma babu wurin iska. Tsakaninsu, wajen sulusin gora, nan tsawo yake. Wannan ita ce matsalar da Konstantin Tsiolkovsky ya warware da lissafi a 1903, wato cewa roka tana ɗauke da abin da za ta watsar don ta tafi, kuma nauyin wannan abin yana cikin abin da ke danne ta. Dokar Newton ta uku da ke ɗaga manyan kumbuna ita ce ke ɗaga gorar, cibiyar nauyi da ta matsin iska suna nan yadda suke, ma'aunin kusurwa da noti suna aiki. Har ma akwai ƙarin hanyar awo: a ƙirga lokaci da agogon waya daga tashi zuwa faɗuwa. Sakan 6 yana nufin kusan mita 44 in da babu iska. Lambar ba za ta zo daidai da ta ma'aunin kusurwa ba, musamman in gorar ta sauko tana wulwulawa, kuma neman dalilin saɓanin ya fi kowace amsa da aka kwafa daga allo ilimantarwa. Jafan, wadda ba ta rasa kuɗin sayen injin albarushi ba, da rokar ruwa hukumarta ta JAXA ta fara tara ɗaliban ƙasashen Asiya gasa a 2005. A watan Agusta na 2015 kuma wata tawaga daga Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu ta harba rokar ruwa da iska har mita 830, ta kafa tarihin duniya na lokacin, ko da yake tasu ba gorar lemo ba ce, jiki ne na musamman da aka ƙera don matsi mai tsanani.

Rashin wuta bai soke ƙa'ida ba. Gora mai matsi tana fashewa, mai saukowa kuma tana fasa kai. Ba a amfani da kwalba, ba a amfani da gorar ruwan sha mai laushin jiki, ba a sa ƙarfe ko tsini a hanci, gorar da ta ƙuje ko ta sha rana a yar da ita. Ƙa'idojin NAR da dama sun dace yadda suke: kowa ya ja baya aƙalla mita biyar, a ƙirga da ƙarfi kafin a saki, kada a karkatar da wurin harbi fiye da digiri 30 daga miƙe, kada a harba in iska ta wuce kilomita 32 a awa, kada kowa ya bi rokar da ta maƙale a wayar lantarki. Batun iska ba ƙarami ba ne a nan. Ba banza aka kafa injinan lantarki masu aiki da iska a Lambar Rimi ba. Cikin hunturu buji kan kwashe gora ya kai ta gidan maƙwabta, hazo kuma ya ɓoye ta daga mai awo, don haka sanyin safiya bayan ɗaukewar damina ya fi. Filin ƙwallon makaranta ya isa, matuƙar ba ya kusa da filin jirgin sama ko babban titi. Kafin ranar harbi, shugaban makaranta ya rubuta wa ofishin 'yan sanda na yankin, ya sanar da mai unguwa, ya gayyaci iyaye su zo su ga cewa ruwa ne da famfon keke.

Saura masu cewa makarantar da ba ta da kujeru, ajin da ke da yara fiye da ɗari, ina su ina roka, ga kuma jarrabawa a gaba. Amsar kuɗi gajera ce: famfo ɗaya da maƙulli ɗaya sun ishi makaranta guda, sauran daga shara ne, kuma makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ita ta fi bukatar gwajin da ake yi a fili. Amsar jarrabawa ma haka: dokokin Newton, da tafiyar abin da aka jefa, da dokar Boyle, da kusurwar hange duk suna cikin manhajar WAEC da NECO da JAMB. Inda matsalar take da gaske shi ne malami. Malamin da shi kansa haddar fiziks ya yi, bai taɓa auna komai ba, zai ji tsoron gwajin da ka iya ƙaryata shi a gaban ɗalibai. Don haka wurin farawa shi ne Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, da sashen ilimi na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, da taimakon ɗakunan ƙira na Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman: kada ɗalibin koyarwa a fannin kimiyya ya fita koyarwar gwaji sai ya harba, ya auna, ya cika jadawali da hannunsa. Makarantun 'yan mata su shiga tun zagayen farko, don babu komai a yankan kwali da karanta kusurwa da ya keɓanta da maza.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne abin ya samu karɓuwa ta hanyar da za ta kashe shi, ya zama nishaɗin ranar rabon kyaututtuka, a harba gora uku gaban babban baƙo, a tafa, a mayar da famfo sito sai baɗi. Shugabannin makarantu da jami'an ma'aikatar ilimi da za su shirya gasa su sa sharuɗɗa biyu tun farko. Kowace tawaga ta miƙa wa alƙali tsawon da take sa ran kaiwa a rubuce kafin ta taɓa famfo, kyauta kuma ta tafi ga wadda hasashenta ya fi kusa da abin da aka auna. Tawagar da ta zo ba littafin gwaje-gwajenta na baya, mai kwanan wata da yawan ruwa da matsi da kusurwa, kada a bar ta ta harba, komai kyan fentin rokarta.